Mikhailovskoye: ƙauyen da aka ba Gannibal da yadda ya narke a hannun jikokinsa

Kimanin kilomita 120 kudu da birnin Pskov, a arewa maso yammacin Rasha, akwai wani ɗan ƙauye a kan tudu a bakin kogin Sorot, kusa da tafkuna biyu, Kuchane da Malenets. Sunansa Mikhailovskoye. An san shi ne saboda sha'irin Rasha Aleksandr Pushkin, wanda ya yi zaman ɗaurin talala a can daga 1824 zuwa 1826. Amma takardun mallakar wurin sun fi labarin sha'irin faɗi. A cikinsu ana ganin yadda manyan gidajen Rasha ke samun ƙasa, da abin da suke ci a kanta, da dalilin da ya sa dukiyar da ta fara da maza manoma fiye da 500 ta dawo wajen 80 a hannun tattaɓa-kunne, cikin ƙasa da shekara ɗari.

Yankin tsohon bakin daga ne. Garin Voronich da ke gefe ganuwa ce ta mutanen Pskov, kuma rundunar Sarkin Polan, Stefan Batory, ta ragargaza shi a yaƙin 1581, bai sake tashi ba. Gidan masu zuhudu na Svyatogorsky, wanda aka kafa a 1569, shi ne ya rage a matsayin cibiyar yankin. Ƙasar da ke kewaye ta zama ta fada. Wannan shi ne mabuɗin komai: sarki ke da ƙasa, shi ke bayarwa ga wanda ya yi masa hidima. A da akwai bambanci tsakanin votchina, ƙasar gado, da pomestye, ƙasar da ake riƙe wa mutum muddin yana aikin soja. Dokar Sarki Pita na Farko ta 1714 ta haɗe su wuri guda, duka suka zama abin gado. Su kuwa manoman da ke zaune a kai, dokar 1649 ta riga ta ɗaure su: ba su da ikon tashi, kuma wanda ya gudu ana iya kamo shi ko bayan shekara nawa.

Mutumin da aka ba wannan ƙasa ɗan Afirka ne, kakan mahaifiyar Pushkin. An kawo Abram Gannibal Istanbul yana yaro a matsayin bawa, daga can aka kai shi Mosko a 1704, aka yi masa baftisma a Vilnius a 1705, Sarki Pita da kansa ya tsaya masa a matsayin uba. Ya yi karatun injiniyan soja a Faransa, ya dawo a 1723, aka tura shi Saberiya bayan mutuwar ubangidansa, sannan tauraronsa ya sake haskawa da 'yar Pita, Elizabet, ta hau gadon sarauta. A takardar da ya rubuta wa majalisar dattawa a 1742 ya ce an haife shi a wani gari mai suna Lagon, inda mahaifinsa ke mulki. An daɗe ana ɗauka Habasha yake nufi. A 1996 masanin tarihi Dieudonné Gnammankou ya kawo hujjar cewa Logone-Birni ce, garin Kotoko da ke kudu da Tafkin Chadi a Kamaru ta yau. Masana da yawa sun karɓi wannan ra'ayi, kuma ya dace da hanyar fataucin bayi da ke bi ta Fezzan zuwa Tarabulus, amma fassarar suna ce, ba shaidar da ta rufe magana ba.

A 1742 ɗin Elizabet ta ba shi gundumar Mikhailovskaya: ƙananan ƙauyuka wajen 40 da maza fiye da 500. A lura da yadda aka auna kyautar. Ba a fara da faɗin ƙasa ba, da mutane aka fara. Tun daga ƙidayar farko ta 1719 gwamnati ke rubuta kowane namiji mai biyan haraji a matsayin "rai" ɗaya, daga jariri har tsoho, a ɗora masa harajin kai na kobek 70 a shekara (kobek ɗari ne rubul ɗaya, kuɗin Rasha). Mata ba sa cikin wannan lissafi, don haka gandun da aka ce yana da rai 500 mutanensa sun kai dubu ko fiye. An yi irin wannan ƙidaya sau goma zuwa 1858, kuma tsakanin ƙidaya da ƙidaya adadin ba ya motsi a takarda: wanda ya mutu ana ci gaba da biya masa, wanda aka haifa ba a san da shi ba sai ƙidaya ta gaba. Ƙasa a arewacin Rasha ta yi yawa, daji ne da fadama. Hannun da zai nome ta ne ke da tsada. Da rayuka ake yi wa mutum kirarin arziki, da su ake yi wa 'ya gara, da su ake cin bashi.

Abin da manomi ke bai wa ubangida iri biyu ne. Akwai barshchina, wato aiki a gonar ubangida da dokinka da garmarka, akwai kuma obrok, kuɗi ko kaya da ake biya a shekara a bar mutum ya nemi na kansa, ko a gona ko a birni. Wanda ya san yadda bayi a ƙasar Hausa ke aikin gandu, wasu kuma su biya murgu su yi sana'arsu, ya gane rabon. Ba a ɗora nauyin a kan mutum ɗaya, ana ɗora shi a kan tyaglo, wato miji da mata masu ƙarfin aiki. Shi ya sa iyayengiji ke matsa wa samari su yi aure da wuri, har su zaɓa musu mata: kowane sabon aure ƙarin hannu ne a gona. Sanarwar Sarki Pavel ta 1797 ta hana aikin ranar Lahadi, ta kuma nuna a raba sauran kwana shida biyu, uku na ubangida uku na manomi. Ba wanda ke bin ƙauyuka yana duba ko an bi. Kuma tun 1767 an haramta wa manomi kai ƙarar ubangidansa gaban sarauniya.

Matsalar kwana uku ba yawansu ba ne, lokacinsu ne. Aikin gona a Pskov wata biyar ne zuwa shida, sauran shekara sanyi da dusar ƙanƙara. Ana raba gona uku. Kashi ɗaya a shuka rozh, dangin alkama mai jure sanyi, a ƙarshen lokacin zafi, ya kwana ƙarƙashin ƙanƙara a girbe shi baɗi. Kashi na biyu a shuka sha'ir da hatsin dawaki bayan narkewar ƙanƙara. Na uku a bar shi ya huta. Ga kuma kittani, wanda Pskov ta yi suna da shi, shi ne amfanin da ke kawo kuɗi a hannu. Yankan ingirici da girbin rozh da shukar baɗi duk suna cunkushewa cikin 'yan makonni. Wakilin ubangida kan ɗauki ranakun da rana ta fito, ya bar wa manomi na ruwa. Idan ingirici ya jiƙe ya ruɓe, dabbobi ba za su kai ƙarshen hunturu ba, sai a sayar ko a yanka. Dabbobi sun ragu, taki ya ragu. Ƙasar kuwa mai tsami ce, mara ƙarfi, ba ta yi sai da taki. A irin wannan ƙasa mudu ɗaya na iri kan ba da wajen uku: ɗaya ya koma iri, biyu su ciyar da gida su biya haraji. Shekara ɗaya ta lalace, an shiga cin iri. Wakilin da ya matsa ya ƙara wa ubangida riba bana, gonar baɗi yake ci.

Akwai kuma ɗibar soja. Gwamnati kan ce a ba da mutum kaza daga kowane rai kaza, kuma wanda aka ɗauka ya tafi ke nan: aikin na har abada ne kafin 1793, daga baya aka mai da shi shekara 25. Ubangida da dattawan ƙauye ke zaɓar wanda zai tafi, saboda haka barazanar soja ta fi bulala tsoratarwa.

Gannibal bai zauna a wannan ƙasa sosai ba. Aikinsa yana Revel, Tallinn ta yau, daga baya Petersburg. Ya gina gida a Petrovskoye a bakin tafkin Kuchane, amma da ya kai muƙamin babban janar a 1759 sai ya sayi gandun Suida kusa da babban birni, a can ya yi ritaya a 1762, a can ya rasu a 1781. Muddin yana raye dukiyar na ƙaruwa, domin albashi da tagomashin fada na shigowa daga waje. Wannan shi ne sirrin da 'ya'yansa ba su gada ba: gandun bai taɓa zama tushen arzikin ba, ladan aiki ne.

Rabon gado ya fara datsa shi. Pita ya so ƙasa ta riƙa zuwa hannun magaji ɗaya, amma manyan gidaje suka ƙi, aka soke dokar a 1731. Tsarin da ya tabbata shi ne matar mamaci ko mijin mamaciya ya ɗauki kashi ɗaya cikin bakwai na ƙasa, kowace 'ya ta ɗauki ɗaya cikin sha huɗu, 'ya'ya maza su raba saura daidai. Babban ɗan, Ivan, wanda ya jagoranci ginin birnin Kherson, ya riƙe Suida. Ƙasar Pskov ta rabu uku: Pyotr ya samu Petrovskoye, Isaak ya samu Voskresenskoye, Osip ya samu Mikhailovskoye. Osip ne ya gina gidan katako mai hawa ɗaya a kan tudun, ya shimfiɗa lambu da layukan itatuwa. Wurin bai kai selo ba, wato ƙauye mai coci. Seltso ne, gidan ubangida da 'yan gidajen barori, manoman kuwa suna warwatse a ƙananan ƙauyukan kewaye.

Osip shi ne misalin yadda mutum ɗaya ke huda tukunyar gida. Hafsan sojan ruwa ne mai kashe kuɗi. Ya auri Mariya Pushkina a 1773, suka haifi Nadezhda a 1775, suka rabu ba tare da coci ta raba auren ba. A 1779 ya auri wata bazawara, Ustinya Tolstaya, bisa da'awar cewa matarsa ta fari ta mutu, alhali tana raye. Shari'ar ta kai har gaban Sarauniya Katarina ta Biyu. Aka rushe aure na biyu, aka ware ƙauyen Kobrino daga rabonsa don ciyar da 'yarsa. Ustinya kuma ta shafe shekaru tana binsa kuɗin da ta ce ta damƙa masa. Da ya rasu a 1806, matarsa ta fari da 'yarsa suka gaji Mikhailovskoye tare da rigingimunsa. Kobrino an riga an sayar, an sayi Zakharovo kusa da Mosko, shi ma aka sayar a 1811.

Nadezhda ta auri Sergei Pushkin a 1796, su ne iyayen sha'irin. Mutanen birni ne, sai lokacin zafi suke leƙo ƙauye, wasu shekarun ma ba sa zuwa. Gandun na hannun wakili, kuma na tsawon shekaru wakilin shi kansa bawan gidan ne, Mikhail Kalashnikov. Wannan tsari yana da rami a tsakiyarsa. Mai ƙasa yana nesa, abin da yake so kawai a aiko kuɗi da keken doki cike da gari da man shanu da kaji idan hanya ta daskare. Ba ya auna gona, ba ya duba rumbu. Wakili shi ke rubuta abin da aka shuka, shi ke rubuta abin da aka girbe, shi ke sayarwa. Ko mai gaskiya ne, babu abin da zai sa ya gyara ƙasar da ba tasa ba.

Da gwamnati ta kori Aleksandr daga Odessa a 1824, gandun uwarsa ta mayar masa kurkuku. Mahaifinsa ya yarda ya sa masa ido, suka yi mummunar rigima, iyayen suka tattara suka bar shi. Sa idon ya koma hannun shugaban gidan zuhudu da wani babba cikin masu ƙasar yankin. Gidan da ya zauna ciki ya tsufa, a hunturu ba duka ɗakuna ake hura wa wuta ba. Ɗaki ɗaya nasa, a wani kuma 'yan matan gidan ke zaune suna ɗinki ƙarƙashin Arina Rodionovna, tsohuwar da ta yi renonsa. Ita kanta tarihin mallaka ce: an haife ta a 1758 a yankin Suida, ta shiga hannun Gannibal tana jaririya lokacin da ya sayi wurin, aka yi ta gadonta har ta rasu a 1828. Cikin 'yan matan akwai Olga, 'yar wakili Kalashnikov, wadda ta ɗauki cikin Pushkin. A 1826 aka tafi da ita Boldino, gandun mahaifinsa a lardin Nizhny Novgorod, ta haifi ɗa namiji da bai yi rai ba. Masu son sha'irin kan bi ta kan wannan da sauri, amma shi ne ainihin ma'anar mallakar mutum a cikin gida.

Maƙwabtansu na Trigorskoye sun bi hanya iri ɗaya da sakamako dabam. Katarina ta ba Maksim Vyndomsky ƙasar a 1762, ladan aikinsa na kwamanda a kurkukun Shlisselburg. Jikarsa, Praskovya Osipova, ta zauna a gandun tana duba lissafi da kanta. Da tsohon gidan ya lalace, sai ta kwashe iyalinta zuwa ginin masaƙar lilin da ke wurin, suka mai da shi gida. Ba abin alfahari ba ne a idon masu ƙasa, amma gandun ya zauna a hannun zuriyarta har ƙarni na 20.

Bashi shi ne rami na uku. Tun 1754 gwamnati ta buɗe wa masu ƙasa bankin rance, daga baya hukumar da ke kula da gidan marayu ta zama babbar mai ba da bashi, kuma jinginar rayuka ce. Da Pushkin zai yi aure a 1831, mahaifinsa ya ba shi rai 200 a Kistenevo kusa da Boldino. Nan take ya jinginar da su ya karɓi wajen rubul 38,000, kuɗin suka tafi a hidimar aure da kayan amarya da tsofaffin basussuka. Ko kobek ɗaya bai koma gona ba. Haka akasarin masu ƙasa suka yi, har ya zama zuwa 1859 wajen kashi biyu cikin uku na manoman da ke hannun iyayengiji suna jingine.

Nadezhda ta rasu a 1836, aka sake zama rabo. Mikhailovskoye a lokacin yana da ƙasa wajen desyatina 2,000, kowace desyatina ta ɗan ɗara hekta ɗaya, amma maza wajen 80 ne kawai, kuma mafi yawan ƙasar daji ce. Idan aka kasa shi sha huɗu, mijinta na da biyu, 'yarta Olga ɗaya, Aleksandr da ƙanensa Lev biyar da rabi kowanne. Uban ya bar wa 'yar nasa rabon. Gandu mai rai 80 ba ya rabuwa uku ya ciyar da kowa, sai dai ɗaya ya saye sauran. Aleksandr ya yi tayin rubul 500 kan kowane rai, wato 40,000. Mijin Olga, Nikolai Pavlishchev, ya je ya zauna a gandun, ya bi littattafan wakilin lokacin ya ce ana sata, ya kore shi, sannan ya yi wa wurin kuɗi 64,000. Dukansu da gaskiyarsu: ɗaya na lissafin abin da gandun ke bayarwa, ɗaya na lissafin abin da zai bayar idan an kula da shi. Ba a gama ba Pushkin ya mutu a farkon 1837, bayan raunin da ya samu a fito-na-fito da bindiga. Sarki Nikolai na Farko ya biya basussukansa, kwamitin riƙon marayunsa kuma ya saye rabon sauran magada, gandun ya zama na 'ya'yansa.

Dokar 'yantarwa ta 1861 ta saki mutum wajen miliyan 23 a faɗin ƙasar, amma ƙasar noma sai da fansa. Ga yadda ake lissafin. A ɗauki obrok na shekara a matsayin ribar kashi 6 cikin ɗari, a nemo uwar kuɗin. Idan manomi na biyan rubul 9, fansar rabonsa rubul 150 ke nan. Gwamnati ta biya ubangida wajen kashi 80 cikin ɗari, wato 120, akasari da takardun lamuni, bayan ta cire bashin da take binsa. Ragowar 30 tsakanin manomi da ubangida ne. Sannan manomi ya riƙa biyan gwamnati kashi 6 na 120 ɗin, rubul 7 da kobek 20, har shekara 49. Aibin lissafin a fili yake: ba darajar ƙasar aka auna ba, abin da ake tatsa daga mutumin aka auna. A lardunan arewa masu ƙasa mara ƙarfi, inda obrok ke fitowa daga sana'a da ci-rani, manomi ya sayi gona da kuɗin da ya fi ƙarfinta. Bashin kuma a wuyan al'ummar ƙauye yake gaba ɗaya, wanda ya kasa sai sauran su biya masa. Daji da makiyaya sun fi zama a hannun ubangida, don haka mai neman itace ko wurin kiwo dole ya koma ya yi haya, sau da yawa da aikin hannunsa. Barorin cikin gida kuwa an sake su ba ko taki ɗaya na ƙasa. Sai a farkon 1907 aka daina karɓar kuɗin fansar.

Ƙaramin ɗan sha'irin, Grigory, ya tare a Mikhailovskoye a 1866. Ya tarar da gidan kakanninsa ya ruɓe, ya rushe shi ya gina sabo. Shi ne na farko a zuriyar tun bayan Osip da ya zauna a wurin dindindin, kuma shi ne na ƙarshe. A 1899, shekara ɗari da haihuwar mahaifinsa, ya sayar wa baitulmali, aka damƙa kulawar wurin ga ƙungiyar masu ƙasa ta Pskov, daga baya aka buɗe masaukin tsofaffin marubuta. Gobara ta ci gidan a 1908, aka sake ginawa.

Dokar ƙasa ta juyin juya halin 1917 ta soke mallakar iyayengiji ba diyya. A watan Fabrairun 1918 aka banka wa Mikhailovskoye da Trigorskoye da Petrovskoye wuta. Cewa Mikhailovskoye ya bar hannun iyalin kusan shekara ashirin bai cece shi ba. Ga mutanen ƙauyukan kewaye gidan ubangida ne, kuma ƙone shi na nufin babu wanda zai dawo ya ce ƙasar tasa ce. A 1922 gwamnatin Sobiyet ta ayyana wurin a matsayin wurin tarihi, aka gina gidan a 1937, sojojin Jamus suka mamaye yankin daga 1941 zuwa 1944 suka bar shi kango. Ginin da ke tsaye yanzu na 1949 ne, ƙarƙashin jagorancin Semyon Geichenko. An ɗora shi a kan tsohon harsashi, aka bi zanen da wani ma'aunin ƙasa ya yi a 1837 da kuma jerin kadarorin da aka rubuta a 1838 don riƙon marayu, inda aka lissafa ɗakuna da murhu da tagogi da dabbobi da mutanen gandun.